Ranar da Mai Walda Ya Dafa Makaroni

Ƙarfe goma saura aka tura matarsa ɗakin tiyata, kafin goma da rabi kuwa mai walda ya tambayi ma'aikaciyar jinya sau huɗu ko an gama. Aikin maƙoƙo ne. Shekara uku ƙullutun yana girma a wuyanta tana ɓoye shi, sai da ya fara hana ta haɗiye abinci sannan ta yarda a cire. Likita ya ce aikin zai ci awa uku, wataƙila huɗu.

Shi dai mutum ne da bai iya zama wuri ɗaya ba. Shekara talatin da 'yan kai yana haɗa ƙofofi da tagogin ƙarfe, kuma a shagonsa in ya ɗora wuta a kan abu nan take yake ganin ko ya kama ko bai kama ba. A barandar asibitin sai ya rasa inda zai sa kansa. Ya kai ƙarshenta ya dawo. Ya jijjiga ƙarfen taga. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin bencin da mutane suke zaune, ya shaida musu cewa wanda ya yi waldar ƙafar bencin nan bai san hannunsa ba. Wata tsohuwa ta tattara zaninta ta koma wani bencin. Da ya sa ido a gilashin ƙofar da aka rubuta kada a shiga, ma'aikaciyar jinyar ta fito ta tsaya ta dube shi, ta juya ta dubi 'yarsa.

Auta ce kaɗai a cikin 'ya'yansa take kusa, yayyenta maza biyu aiki ya kai su nesa. Ta jawo hannun rigarsa.

“Baba, aiki zan ba ka.”

“Wane aiki? Ina nan har a fito da ita.”

“In ta farfaɗo me za ta ci? Abu mai laushi likita ya ce. Ka je gida ka dafa mata makaroni da cuku a tukunyar lantarkin nan tata. Ka san shi take iya haɗiya kwanan nan. Na sayi komai jiya, yana cikin firij.”

“Ni? Yaushe rabona da dafa ko ruwan zafi?”

“To ni in tafi, kai ka zauna ka sa hannu a takardu in an kawo?”

Ta san ba ya shiri da takardu. Ta juya bayan wata takardar magani ta rubuta masa komai da manyan baƙaƙe, ta ja layi biyu a ƙarƙashin jimlar ƙarshe: a ƙaramar wuta, awa biyu, a juya sau ɗaya tak, kada a riƙa buɗewa.

Gidan a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo da ɗan kicin wanda mutum biyu ba sa iya giftawa a ciki sai ɗaya ya karkace. Tukunyar tana kan kantar kicin kusa da taga. Babban ɗansu ne ya aiko wa uwar da ita, ta tangaran ce a cikin gidan ƙarfe, da murfin gilashi da makunni mai matsayi uku. Kullum yana ganinta, bai taɓa taɓa ta ba.

Ya jingina takardar a jikin gwangwanin sukari ya fara. Ya tafasa ruwa a kan gas, ya zuba makaroni, ya tsaya yana kallon agogo har minti biyar suka cika, ya tsane shi da sauran tauri kamar yadda aka rubuta. Ya shafe cikin tukunyar da bota. Gugar cukun ce ta ba shi wahala, yana ta manne wa magogin, har ya goge gaɓar yatsansa ya tsotse ya ci gaba. Ya zuba makaronin, ya zuba madarar gwangwani ɗaya da kofi biyu na madarar ruwa, gishiri kaɗan, masoro kaɗan, sannan cukun, ya juya da ludayin katako. Har nan ya ji daɗin aikin, don hannunsa na motsi. Ya rufe, ya murɗa makunni zuwa ƙaramar wuta.

Shiru. Babu harshen wuta, babu ƙara, in ban da wata 'yar jar fitila kamar idon ɓera. Ya ɗora tafin hannu a jikin tukunyar ya ji ta da sanyi. Ya jira minti biyu ya sake taɓawa. Ya je ya ɗauko tasta a aljihun rigar aikinsa ya gwada soket, akwai wuta. Ya zare filogin, ya kwance shi, ya duba wayoyin, lafiyarsu lau, ya mayar. Ya buɗe murfin ya tsoma yatsa, madarar ko ɗumi ba ta yi ba.

Ya kira Auta.

“An fito?”

“Baba, ko awa ɗaya da rabi ba a yi ba.”

“Tukunyar nan ta lalace.”

“Ba ta lalace ba, haka take. Ka buɗe, ko?”

“Sau ɗaya.”

“Duk buɗewar da ka yi zafin da ta tara ne yake gudu. Ka rabu da ita.”

Ya rabu da ita na minti goma. Ya share ɓarɓashin cuku. Ya ɗaure hannun wata tukunya da ya daɗe yana girgiɗi. Ya leƙa titi ta taga, ya ga mai gyaran taya yana cin abinci hankali kwance, abin ya ba shi haushi ba gaira ba dalili. Ya dawo ya buɗe murfin, ya juya, ya rufe. Ya sake buɗewa don ya tabbatar ya rufe daidai. Daga nan ya yi lissafi irin nasa: in ƙaramar wuta awa biyu ce, babbar wuta awa ɗaya ke nan, ya koma asibiti da wuri. Ya murɗa makunnin har ƙarshe.

Sai ya shiga neman kular da zai zuba abincin. Babu a kicin. Ya tuna matarsa tana ajiye na baƙi a saman durowar ɗakinsu, ya taka kujera ya miƙa hannu. Kular tana nan, a gefenta kuma akwai wata ambulan da ba a liƙe ba, an rubuta “Baban yara” a bayanta da rubutun nan nata mai karkata.

Ya sauko ya zauna a bakin gado. Shafi biyu ne. Ta rubuta inda takardun gidan suke, da lokacin da yake shan maganin hawan jini, da cewa ƙaramar ƙwayar ta safe ce, kada ya riƙa haɗa su. Ta rubuta wa zai ba keken ɗinkinta. Ta ce 'yan kunnen da ke cikin jan ƙyalle na Auta ne, kuma kada ya bari yayyenta su matsa mata ta bar aikinta don ta zauna ta kula da shi. A ƙasa ta sa: “In ban dawo ba, ka riƙa cin abinci a zaune.”

Jiya da yamma a kan gadon nan take tsokanarsa, wai shi ne ya fi kama da mai jiran wuƙar likita. Ashe ta riga ta rubuta wannan ta ɗora a sama. Ya karanta, ya koma farko, ya sake karantawa. Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka a zaune ba, sai bugun ƙofa ya ji.

Maƙwabciyarsu ce ta ƙofar da ke kallon tasu, dattijuwa wadda ta yi shekaru tana girki a makarantar kwana kafin gwiwa ta zaunar da ita.

“Baban Auta, wani abu na kamawa a gidan nan. Tun daga ɗakina nake ji.”

Ya wuce kicin da sauri, ta biyo shi tana dafa bango. Gefen tukunyar ya yi baƙi-baƙi, makaronin ya bushe a sama, mai ya taso yana kwance a kai, cukun ya daskare guda-guda.

“Wa ya kai ta babbar wuta?”

“Sauri nake, Yaya.”

“Kai da kake narka ƙarfe, cuku ne ya gagare ka.” Ta murɗa makunnin ta mayar baya. “Miƙo ludayi. Kada ka kankare gefen, ɗacin zai shiga ciki. Akwai sauran madara? Ɗumama min kofi ɗaya, kada ta tafasa.”

Ya ɗumama. Ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan tana juya tsakiyar a hankali, tana kauce wa inda ya kama. Tun yana ganin abin ba zai gyaru ba har man ya koma ciki, gudajin suka narke, miyar ta yi kauri tana sheƙi tana bin ludayi. Ta barbaɗa ragowar cukun a kai, ta rufe, ta jawo kujera ta zauna a gaban kantar kamar mai gadi.

“Rabin awa. In ka taɓa murfin nan da ludayin zan buge maka hannu.” Sai ta dubi fuskarsa da kyau. “Ba labari tukuna?”

“Babu.”

“Allah ya tashi kafaɗunta. Matarka ba raguwa ba ce.”

Ya so ya gaya mata zancen wasiƙar matarsa, sai ya fasa. Ya dubi agogo, awa uku ta wuce da kwata. Ya kira Auta, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya fita falo ya sake kira. Ya sauka har ƙofar titi ya hauro, ya kira na uku. Da ya dawo kicin maƙwabciyar ba ta jira rabin awar ta cika ba, ta riga ta ɗauraye kular da ruwan zafi tana kwashe tsakiyar abincin a ciki.

“Ya yi. Ɗauki ka tafi, ni zan kashe in jiƙa tukunyar. Ka sa cokali biyu a aljihu.”

A cikin mota ya rungume kular a ƙirji, duk tsayawar da direba ya yi sai ya ji kamar ya sauka ya ƙarasa da ƙafa. A tsayawa ta ƙarshe kuwa saukar ya yi.

Bencin da ya bar Auta babu kowa a kai. Jakarta ma babu. Ya tsaya tsakiyar baranda yana waige-waige. Ma'aikaciyar jinyar nan ta ɗazu ce ta hango shi ta ƙaraso.

“Baba, kwantar da hankalinka. An fito da ita tun ɗazu, aiki ya yi kyau, tana barci. 'Yarka ce jiri ya kwashe da muka gaya mata, muka shigar da ita ciki ta zauna. Wai tun jiya da rana ba ta sa komai a bakinta ba.”

Ya sami Auta a wani ɗan ɗaki da kofin ruwa a hannu, leɓɓanta sun bushe. Tana ganinsa ta yi ƙoƙarin tashi, ya dafa kafaɗarta.

“Wayar tana jaka, Baba, ban ji ba. Ka yi haƙuri.”

Ya ɗaga kular yana duban ma'aikaciyar. “Yaushe za a ba ta wannan?”

“Mara lafiyar? Yau ko ruwa sai da cokali. Abinci sai gobe in likita ya duba.”

Ya juya ya dubi Auta. Ta sunkuyar da kai.

“Kin sani?”

“Na sani. Da ka ƙara minti goma a barandar nan da sun sa an fitar da kai. Ni kuma in ina kallonka kana kai da kawowa sai in ji zuciyata za ta fito.”

Bai yi faɗa ba. Ya jawo kujera, ya buɗe kular, tururi ya tashi da ƙamshin madara da cuku, da ɗan ƙauri can ƙasa-ƙasa. Ya ciro cokali ya goge a rigarsa ya miƙa mata. Ta ci loma ɗaya, ta ci ta biyu, a ta uku hawaye suka zubo, ta ci gaba da ci tana sharewa da bayan hannu.

“Ka kai ta babbar wuta,” ta ce.

“Ci abincinki.”

Ya ciro ɗaya cokalin ya taya ta, har suka ga gindin kular.

Wajen ƙarfe huɗu aka bar shi ya shiga. Matarsa tana kwance an naɗe wuyanta da farin bandeji, ta buɗe ido da ƙyar. Ya riƙe yatsunta ya ce ya ga abin da ta ajiye a saman durowa, kuma bai yarda da ko layi ɗaya a ciki ba. Ta motsa baki, murya ba ta fito ba, sai ta matse hannunsa ta koma barci.

Kwana huɗu ta yi aka sallame ta. Muryarta kuwa ta daɗe ba ta dawo ba, kusan wata guda sai raɗa da nuni da hannu. A cikin watan nan mai walda yakan haɗa tukunyar da safe, ya sauka shago, ya hauro da rana ya tarar ta yi. Ya ƙware har yana ƙara ƙwai, yana gardama da maƙwabciya a kan yawan madara. Wata ranar Asabar yana tsaye a kicin da magogi a hannu sai ya ji an yi magana daga falo, da murya a dishe amma sarai, har Auta da ke wanki a banɗaki ta ji.

“Baban yara, don Allah ajiye cukun nan. Na gaji da makaroni.”