Gambo Mai Jar Tuta

Sabo mai faci ya riga ya yage bakin rigarsa ya ɗaure ƙafar Gambo a ƙasan gwiwa kafin wata mota ta sake ɓullowa. Ya bar shi jingine da farin dutsen bakin titi, ya fita tsakiyar kwalta yana ɗaga hannu.

Tun daga nesa motar ta rage gudu, ta iso tana rarrafe. Direban ya leƙo, ya ga wanda ke jingine da dutsen, sai ya bushe da dariya.

"Yau ba kamu, Gambo. Ka gai da iyayen gidanka."

"Malam, tsaya," in ji Sabo. "Kumurci ne ya sare shi."

"Ashe yana saran ɗan'uwansa."

Ya kauce wa Sabo, ya wuce a hankali.

To, ba wanda ke bin hanyar nan bai san Gambo ba. Tun da aka ɗauke wa garin sunansa aka ba sabon birnin da za a gina, motoci suka yawaita a gindin Dutsen Zuma, hukuma kuwa ta hango abinci. Aka zaɓi gangare, inda ko mai tsoron Allah sai motarsa ta kwashe shi, aka shafa wa duwatsu biyu farar ƙasa, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Gambo ke tsugune cikin ciyawa a sama. Mota na gifta dutsen sai ya ɗaga jar tuta, masu kaki a ƙasa su danna agogo. Wanda ya riga agogo isa, tara ta hau kansa. Ba don a kare ran kowa ba ne, kowa ya sani, har su masu kakin ba sa ɓoyewa. Baitulmali ake cikawa.

Sabo dai bai taɓa ganin laifin mutumin ba. Gida ɗaya suke haya a unguwar Wambai, shi da Gambo da matarsa Yalwa, bango ne tsakaninsu, tarin Gambo ke tashinsa sallar asuba. Kafin aikin tuta dako yake yi a kasuwa, bayansa ya ƙi. Rumfar facin Sabo na kusa da dutsen, shi ya sa ya ji ihun.

Wata akori-kura ta taho, babu kaya a bayanta. Sabo ya gane ta, zuciyarsa ta yi sanyi. Ta Isiyaku ce, ɗan unguwarsu. Ta tsaya.

Isiyaku ya daɗe yana kallon ƙafar, ta kumbura ta yi sheƙi. Ya ɓantari goro.

"Ɗauko shi," ya ce.

Suka sa Gambo a tsakiya, kansa a kafaɗar Sabo. Isiyaku ya gyara zama, ya gyara madubi, ya yi bisimilla, sannan ya saki mota. Ta kama gangaren kamar tana taka ƙwai.

Sabo ya yi haƙuri, yana zaton giya za a sauya. Ba a sauya ba.

"Isiyaku, taka mana."

"A nan? Ai nan tarko ne, Sabo. Tambayi malamin, ga shi kusa da kai."

Gambo ya buɗe ido da ƙyar, fatar idon ta yi masa nauyi. "Ba mai ɗaga tuta," ya ce, harshensa na sarƙewa. "Ni ne mai tutar."

"Ka ji ko? Ba kowa," in ji Sabo.

"Doka ai ba ta zuwa cin abinci."

Masu kakin kuwa sun tafi cin abinci. Da suka iso dutsen ƙasa, benci ne kawai a gindin ɗorawa, da ɓawon rake a warwatse. Sabo ya nuna masa da hannu. Isiyaku ya gyaɗa kai kamar an nuna masa gonar wani, ƙafarsa ba ta motsa ba.

"Don girman Allah. Sahu ɗaya muke sallah da kai."

"Sahu ɗaya muke ranar da aka tsare ni a gindin itacen nan da tumatir cike da mota. Tun hantsi har ya fara tsiyaya ta ƙasan bodi. Masu kayan suka kai ni gaban alkali. Da na dawo unguwa, wannan bawan Allah ya ce mini sannu da aiki."

"An ce in ɗaga," in ji Gambo. "Na ɗaga."

"Ni ma an ce in tafi a hankali."

Wani Bagwari a kan keke, da dammunan dawa a baya, ya zo daidai tagar Sabo, ya kaɗa ƙararrawa, ya wuce su. Sabo ya bi bayansa da kallo har ya ƙanƙance. Ya yi tunanin ya finciko sitiyari, ya yi tunanin ya sauka ya goya Gambo ya ruga. Bai iya mota ba, garin kuma da sauran tafiya. Sai ya kama goge yawun da ke zubo wa Gambo da hannun riga.

"Sabo."

"Ina jin ka, yaya."

"Ka ce wa Yalwa... kwanon da na tafi da shi yana cikin ciyawa. Na maƙwabta ne."

"Kai za ka gaya mata da bakinka."

Gambo ya lumshe ido. Numfashinsa ya koma gajere, ƙirjin na ɗagawa kaɗan kaɗan. Sabo ya sa baki a kunnensa yana maimaita kalmar shahada, leɓen Gambo na ƙoƙarin bi. Isiyaku ya tofar da tuƙar goro ta taga, ya ba wata tirela hannu ta wuce.

Rufin kwanon gidajen farko na gari ya fara bayyana lokacin da nauyin kan ya sauya a kafaɗar Sabo. Ya san wannan nauyin, ya taɓa riƙe mahaifinsa. Ya shafe idanun da tafin hannu.

"Ya cika," ya ce.

Isiyaku ya waiwayo, ya duba fuskar sosai. Ya cire hula ya ajiye a cinya.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa." Ya dubi rana ta gilashi. "Bari mu hanzarta, a samu a sallace shi da la'asar."

Ya sauya giya, ya taka mota har ƙasa. Injin ya yi ruri, itatuwan bakin hanya suka fara gudu da baya. Iska ta shigo ta taga, mai sanyi, da ƙamshin ƙasar damina. Sabo ya rungume gawar da hannu biyu kada ta zame, iskar tana kaɗa furfurar gemun Gambo.