Farin Fentin da Balkisa Ta Yi wa Baƙi

Har yau idan na ga gwangwanin farin fenti sai raina ya ɓaci, kuma ba da fentin nake fushi ba.

Yayata Balkisa ta yi shekaru a La Courneuve, can bayan Paris, a wani dogon bene da hayaniyarsa ba ta ƙarewa, kafin ta sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na jami'a a Villeurbanne, daf da birnin Lyon, ta kwaso 'yarta Aïcha suka dawo Lyon. Allah ya haɗa ta da gidan haya a tsohuwar unguwa, kusa da kogin Saône, inda matakalar dutse take murɗewa kamar igiya. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku. Tana son gidan nan so na gaske. Makarantar Aïcha tana ƙarshen layi, mai burodin unguwa ya san sunanta, kuma a nan ne ta fara rufe ƙofarta ta ji shiru. A 2011 wa'adin hayarta ya kusa cika. Mai gidan, wani tsoho mazaunin Paris da ba ta taɓa gani ba, bai ce zai sabunta ba, bai ce ba zai sabunta ba, abin ya tsaya mata a rai.

Ana haka sai ga Madame Chavanon, shugabar ƙungiyar kare tsofaffin gidajen unguwar. Ni lokacin ina karatu, na zo hutun ƙarshen mako, a gabana aka yi. Ta ce duk Disamba, a makon da mutanen Lyon suke jera kyandir a tagoginsu, ƙungiyar tana buɗe wasu gidaje da aka ƙawata, jama'a su sayi tikiti su zagaya, abin da aka samu a gyara rufi da matakala. Ta ƙara da cewa ita da mai gidan sun san juna tun suna yara. Jin haka Balkisa ta amince tun matar ba ta rufe baki ba.

Da za ta fita, Madame Chavanon ta tsaya a gaban bangon da ke saman tsohon murhun falo. Bango ne da ya yi baƙi, dabbare-dabbare, duk ya ɓaɓɓare. Ta dafa ƙirji, ta daɗe tana kallonsa, ta ce a hankali, "Oh là là, ce mur," wato, "Kai, wannan bango." Ba ta ƙara komai ba ta tafi.

Balkisa ta zauna a bakin kujera, kunya ta rufe ta.

"Kin gani ko, Mardiya?" ta ce da ni. "Matar ga ta ga ƙazanta, kawaici ne ta yi mini. Baƙi za su taho har daga Paris su iske bangona haka? C'est pas possible, ba zai yiwu ba."

Mu 'yan Damagaram ne. A unguwar Birni da muka tashi, gidan da ake ƙauna shi ake sabunta wa yaɓe, a shafe shi da farar ƙasa kafin salla ko kafin babban baƙo. Da haka gidajen kakanninmu suka kai yau a tsaye. Wanda ya bar bangonsa ya yi baƙi, malalaci ake ce masa, babu wanda yake ce masa mai kishin tarihi. Don haka Balkisa ta ɗauki hutu a wurin aiki, ta sayo fenti mai kyau, ta wanke bangon, ta shafa, ya bushe, ta sake shafawa. Ni na riƙe mata tsani, kuma da za a maimaita yau, zan sake riƙewa. Ta rataya sababbin labule, ta fito da kwanonin jeren mahaifiyarmu ta tsara su, ta jera kyandir a kowace taga kamar yadda maƙwabta suke yi. Ranar Asabar tun da safe ta dafa dambu da zogale, ta soya fanke, ta haɗa zoɓo, domin a ganinta mutum ba ya hawa bene uku ya zo gidanka ya koma da bakinsa a bushe.

Bayan la'asar muka ji su a matakala. Madame Chavanon ce a gaba, ta shigo da baya da baya tana yi wa ayarinta bayani. Yanzu, in ji ta, za su ga abin da ya fi komai daraja a zagayen bana, zanen furanni da aka yi a bango tun wajen shekara ɗari huɗu, wanda hayaƙi ya ɓoye amma mai lura zai gane. Sannan ta juya.

Balkisa tana tsaye cikin sabon leshinta da faranti a hannu, tana murmushi, tana yi musu barka da zuwa. Ko mutum ɗaya bai amsa ba. Sun tattake mata darduma da takalmansu masu laka, duk idanunsu a kan bango. Wani mai gilashi ya matsa ya sa farce yana kankarar fentin, a gidan mutane, a gaban matar gida.

"Me kika yi?" in ji Madame Chavanon da Faransanci. "Kin san abin da kika hallaka?"

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce mata duk hunturu bangon nan yana tsattsafo da ruwa, Aïcha tana kwana tari, yayata ta kai kuka wurin mai gida, ta kai wurin ƙungiyarsu, babu wanda ya taɓa hawowa ya duba. Na tambaye ta wa ya taɓa gaya wa Balkisa akwai zane a wurin.

Ta ce, "Kowa ya sani."

Kowa. Matar da ta shekara biyar tana share gaban bangon, ita ba ta cikin kowa. Na buɗe baki zan ƙara, Balkisa ta riƙe mini hannu.

"Ke Mardiya, ya isa. Baƙina ne. Mi kike so a ce da mu?"

Suka juya suka fita ba wanda ya taɓa ko fanke ɗaya. Ita kuwa baiwar Allah ta ajiye faranti ta yi musu rakiya har bakin matakala, tana gode musu da zuwa. Wannan rakiyar ta fi komai ƙona mini rai.

Kafin sabuwar shekara mai gidan ya bugo daga Paris. Ina jin Balkisa tana gaishe shi, tana tambayar lafiyar iyalinsa da yadda ya ji da sanyi, shi kuwa ya katse ta. Ba zai sabunta ba. Wai jikansa ne zai zauna a gidan, jikan da sai ranar aka san da shi. Ta ba shi haƙuri, ta ce za ta kawo masu aiki su cire fentin. Ya ce kada ta ƙara taɓa komai.

Da bazara ta sami wuri a Vaulx-en-Velin, can bayan gari, inda sai Aïcha ta hau bas kafin ta kai sabuwar makaranta. Ranar kwasar kaya Madame Chavanon ta zo ta tsaya a tsakar gida, wai don ta tabbatar an sauko da komai lafiya. Mu biyu muka ɗauko firiji, Balkisa a ƙasa, ni a sama. A kwanar ƙarshe ƙafarta ta zame, firijin ya matse mata hannu da bangon matakala. Na ji ƙarar, na ga jini yana bin yatsunta, ta cije leɓe.

Madame Chavanon ta taho da gudu, fuskarta cike da tashin hankali. Har na matsa gefe don ta kama yayata. Ta raɓa ta gefen Balkisa, ta durƙusa, ta shafa dutsen bangon da tafin hannu tana duba ko ya guntule.