Fuskar Christina

"Rekiya, zo ki ara min idonki," in ji Baba Thaddeus ta taga. "Akwai layi a kumatun nan?"

Na ajiye wanki na shiga. Maƙwabcina ne a Gwagwalada, ƙofarsa na kallon tawa. Kafin ya yi ritaya, shi ke fenta 'yan mutanen roba da kamfanonin gine-gine ke jerawa a gaban samfurin gidaje. Yanzu mutum ɗaya yake fentawa: matarsa Christina, wadda ambaliya ta tafi da ita, har da hotunanta.

'Yar robar ba ta kai ɗan yatsana ba. Na kai ta bakin taga.

"Akwai, Baba. Inda duhu ya haɗu da haske."

Ya yi tsaki. "Fentin akirilik ba ya jira. Zafin garin nan kuma ya fi ni sauri."

Ya tsarma fentin da ruwa har ya zama kamar shayi marar madara. Ya shafa siriri, ya jira ya bushe, ya ƙara. Sannan ya ɗauki wani burushi mai ɗanshi ya riƙa jan gefen a hankali, har layin ya narke.

"Fuskar mutum ba ta da iyaka," ya ce. "In kin ga inda launi ya tsaya, gunki ne. Jiya na nemi hancinta a kaina, ban same shi ba."

Kullum sai ya kira ni. In zauna a bakin taga in duba, shi kuma ya ɗago ya dube ni, ya koma kan aikinsa. Tari ya kama shi, ya ƙi zuwa asibiti. Wai sai ya gama.

Wata Talata bai kira ba. Bayan azahar na leƙa. Kansa na kan hannunsa a tebur, burushin ya bushe ƙam a yatsunsa.

'Yarsa Kindness ta zo daga Karshi. Bayan an binne shi muka shiga kwashe kaya, na miƙa mata 'yar robar.

"Ga mamanki. Ya gama ta."

Ta daɗe tana kallo. Sai ta dube ni.

"Anti, Mama doguwar fuska ne da ita. Wannan ba ita ba ne."

Ta mayar min a tafin hannu. Na matsa wajen haske. A ƙarƙashin idon hagu akwai ɗan tabo, irin wanda murhu ya bar min tun ina yarinya, an lallaɓa shi cikin fata har da kyar ake ganinsa.

Kindness ta ci gaba da naɗe labule. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar ɗakin, na kasa rufe hannuna.