Ramuwar Safiyanu

Littafin Ƙasimu ya karɓu, shi ya sa ya ɗaura niyyar mayar da shi fim ɗin bidiyo, irin wanda samarin Kano suka fara yi. Labarin wani zamani ne mai zuwa: ruwa ya ƙafe, rijiya ɗaya ta rage, masu mulki suka ce kowane gari ya kawo yaro, a yi ta faɗa, garin wanda ya tsira shi zai sha.

Ya ɗauko Gerald mai ɗaukar bikin aure a Birnin Kudu, suka ɗora kyamara a babur sai wasu duwatsu kusa da Basirka. Jarumin fim Ɗan'auta ne, ɗan yayarsa Hadijatu, wadda sai da ta sa Ƙasimu ya rantse cewa ko ƙwarzane yaron ba zai dawo da shi ba. Abokin karawarsa kuwa Safiyanu ne, wani siririn yaro makiyayi da suka gani a bakin kasuwa.

Aiki ya yi nisa, saura faɗan ƙarshe. Karan dawar da ake duka da shi ya yi ta karyewa, Gerald ya ce a hoto ma abin dariya ne. Ƙasimu ya yanko tsumagiyar tsamiya, ya ce Ɗan'auta ya taɓa kaɗan, Safiyanu ya faɗi ya mutu.

Ɗan'auta ya ga kyamara, ya ga jama'a, ya zage ya zuba masa a haƙarƙari. Fata ta tsage.

Safiyanu bai faɗi ba. Ya ɗaga hannaye sama, ya yi murmushi, 'yan rugarsu suka ɗauki guɗa. A nan Ƙasimu ya gane kuskurensa. Ya manta da shaɗi, wasan bulalar Fulani. A wurinsu wanda aka daka ba ya faɗuwa, kuma sai ya rama.

"Tuɓe rigarka, ɗan birni," in ji Safiyanu.

Ɗan'auta ya ɓuya a bayan kawunsa. Ƙasimu ya shiga bayanin cewa wasa ne, labari ne kawai. Malam Ɗan'azumi, mahaifin Safiyanu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna jinin da ke bin cikin ɗansa ya tambaya ko shi ma labari ne.

Ƙasimu ya cire tasa rigar, ya ce shi ya ba da umarni, shi za a daka. Dattijon ya ce yaro ba ya dukan sa'an babansa. Abin da ya fi damunsa ma, in ji shi, wannan kaset zai zaga Gwaram da Kwandiko, kowa ya ga an daki ɗansa ba a ga ramuwa ba.

Gerald ya matso ya raɗa masa: "Oga, bar shi ya rama. Ban kashe kyamarar ba. Wannan ya fi duk abin da muka ɗauka."

Gaskiya ya faɗa, Ƙasimu ya sani. Ya dubi da'irar manya da suka kewaye yara biyu, kowa ya miƙa wuya yana jira. Haka ya rubuta shi a littafin, har da masu leƙe ta kan dutse.

Ya karɓi kyamarar, ya zare kaset ɗin. Duk aikinsu yana ciki, ba su da wani. Ya ɗora shi a kan dutse.

"Baba, dukan yana cikin nan. In ya fasa shi, ya rama?"

Malam Ɗan'azumi ya daɗe yana shafa gemu. Ya dubi Ɗan'auta, wanda hawaye ya wanke wa fuska, ya ce ai wannan ba abokin shaɗi ba ne. Ya gyaɗa wa ɗansa kai.

Safiyanu ya ajiye tsumagiyar ya ɗauki sandar kiwonsa. Baƙin zare ya watsu a kan dutse.

Da yamma Hadijatu ta ɗaga rigar Ɗan'auta ta duba gaba da baya, sannan ta tambayi yaushe fim zai fito. Ƙasimu ya ce ta zuba masa tuwo tukuna.