Karen Tsohon Direba

"Dube ni. A'a, ba ƙashin ba, ni za ka duba!"

Tela ya leƙo ta tagar shagonsa. Maƙwabcinsa, tsohon direba, na durƙushe gaban wani ramammen kare, ya ɓoye guntun ƙashi a bayansa. Sai da karen ya ɗago suka haɗa ido, sannan tsoho ya jefa masa.

"Baba, makarantar nan ba hutu?" in ji tela. "Ko sai ya iya karanta jarida?"

Tsoho ya dafa bango ya miƙe yana haki. "Hawan jini ba ya sallama, ɗana. So nake idonsa ya zauna a kaina. Ran da ya ga na faɗi, ya nemo mutum."

Tela ya yi dariya har da buga cinya. Da yamma ya ba 'yan hira labari, yana kwaikwayon muryar tsoho.

Wata rana da hantsi, aiki ya sha wa tela kai, sai ga karen a ƙofar shago yana haushi. Ya kore shi. Karen ya dawo, ya cafki ƙafar wandonsa yana ja. Tela ya rarumi katako ya zabga masa a ƙafa, ya tura ƙofa, ya ƙara muryar rediyo.

Sai da rana ta take, matar da ke kawo wa tsoho abinci ta kurma ihu. Yana kwance tsakanin gado da ƙofa, numfashi sama-sama. A hanyar asibiti ya cika.

Washegari 'yar tsoho da ke aure a nesa ta tsaya bakin shagon, idanu a kumbure.

"Yaya, na gode. Kullum muka yi waya Baba cewa yake kada in damu, kana kusa." Ta waiga ta ga karen. "Shi kuma wannan me ya same shi yake ɗingishi?"

Tela ya sunkuya kamar mai neman allura.

"Allah ya jiƙan Baba," iyakar abin da ya iya faɗa ke nan.

Ta koma ta hau sharar ɗakin, ta fito da takalman tsoho ta ajiye a bakin ƙofa. Karen ya ja jiki, ya ɗora haɓa a kansu. Tela na zaune, ƙafarsa a kan keken ɗinki, bai taka ba.