Korar Mamba Mai Lamba Ɗaya

Ƙungiyar masu tsara lambuna da filaye ta kori mutumin da ya kafa ta, kuma ɗan ƙanensa ne ya ƙirga hannuwan.

Ba-Gyara ake ce wa tsohon. In ya ja layi a takarda ya ce nan bishiya za ta tsaya, nan ruwa zai bi, to magana ta ƙare. Shi ya tara mutanen farko a barandar gidansa, tun lokacin da ba a bambanta mai tsara lambu da mai ban ruwan fulawa. Shi ya rubuta dokokin ƙungiya, kuma bai rubuta su da taushin hannu ba. Biyu ya fi ji da su. Ta farko, mamba ba ya taɓa aikin mamba mai rai sai da yardarsa. Ta biyu, ba mai magana da gwamnati da sunan sana'a sai shugaba.

Shugaban yanzu shi ne ɗan ƙanen nasa. Maraya ne. A gidan tsohon ya tashi, a teburinsa ya koyi riƙe fensir.

Shekara da shekaru ƙungiya tana bin majalisa kan buƙata ɗaya: a yi doka, kada a tsara lambu ko filin jama'a sai da hatimin mamba. Ba-Gyara ya kashe takalma a matakalar majalisar nan bai samu ko kujerar zama ba. Ɗan ƙanensa ya kai ƙudirin har gaban kwamiti. Sai shugaban kwamitin ya faɗi abin da yake so. Lambun bakin rafi da ke bayan majalisa za a mayar wurin ajiye motoci. Jama'a suna gunaguni, don haka yana son ƙungiya ta buga hatiminta a sabon zanen, a ce masana sun yarda.

Lambun kuwa aikin Ba-Gyara ne. Juji ya tarar a wurin. Shi ya buga turaku ya ja igiya, ya karkata hanyar ƙafa don ta kauce wa tsohuwar tsamiya, ya jera itatuwan maɗaci ta yamma don inuwa ta riƙa faɗowa kan bencina da la'asar.

Shugaba ya same shi a gida, ya durƙusa ya gaida shi.

"Baffa, lambu ɗaya ne. Doka kuwa ta dukanmu ce, har da waɗanda ba a haifa ba. Ku ce kun yarda kawai."

"Wa zai zana wurin motocin?"

"Ni."

"To ka iya ja layi a miƙe. Na koya maka. Tashi ka tafi."

Da tsohon ya tsaya nan, da dokarsa ta farko ta tsare lambun. Amma Ba-Gyara ba ya iya shiru. Ranar da kwamitin majalisa ya zauna jin ra'ayin jama'a, ya sa rigarsa ta fita ya tafi. Ya miƙe ba a ba shi izini ba, ya ce shi ne ya kafa ƙungiyar nan, kuma ƙungiya ba ta yarda ba. Ya ce wa shugaban kwamiti mutumin da bai taɓa dasa ko barkono ba ba shi da bakin magana kan bishiya. Aka yi dariya. 'Yan jarida suka rubuta. Ƙudiri ya koma ƙarƙashin tebur.

Aka kira taron gaggawa a ofishin ƙungiya, ɗaki ɗaya a saman shagon fenti, fanka tana juyawa tana kuka. Mambobi sun cika shi har bakin ƙofa, yawancinsu matasa da ba su da aiki sai jiran dokar nan. Hoton Ba-Gyara yana rataye a bango, saman kan Shugaba.

Ma'aji ne ya kawo ƙara. Mutum ne mai tumbi da sanyin murya, wanda Ba-Gyara ya taɓa dakatarwa saboda ya matsar da shingen wani mamba taku kaɗan.

"Ni ban iya doka ba," in ji Ma'aji. "Wanda ya iya ta ga shi nan zaune. Ranka ya daɗe, wa ke magana da gwamnati da sunan sana'a?"

"Shugaba."

"Wanda ya karya fa?"

"Kora."

"Ko da gargaɗi?"

"Babu gargaɗi. Ni na cire gargaɗin."

"Allah ya saka da alheri. Ni ma na tuna, a kaina aka fara gwadawa."

Wata matashiya daga baya ta ce, "Baba, mun gama karatu muna sayar da tukwanen fulawa a bakin titi. Injiniyoyi ke cin aikinmu. Kai ka ci zamaninka, ka bar mu mu ci namu mana."

Ya juya ya dube ta. Bai san ta ba. Ya duba ɗakin, ya ga rabin fuskokin bai san su ba.

Shugaba bai ɗaga kai daga tebur ba. Ya ce, "Mamba mai lamba ɗaya yana da abin cewa?"

Nan ne abin ya soke shi. Yaron da ya goya a kafaɗa ya kai asibiti, yau shi ne lamba ɗaya a bakinsa. Ya so ya ce wani abu mai nauyi. Abin da ya fito shi ne, "Ku gyara fankar nan."

Aka ɗaga hannuwa. Shugaba ya bi su da bakin biro yana ƙirgawa a fili, layi layi. Nasa hannun bai ɗaga ba, don shugaba ba ya jefa ƙuri'a sai an yi kunnen doki. Ba a yi ba, ko kusa.

Ba-Gyara ya zaro hatiminsa daga aljihu ya ajiye a tebur. Ya sauka matakala yana dafa bango. Ba wanda ya biyo shi.

Tunda ba mamba ba ne, aikinsa ba shi da mai tsaro. Katafila ta shiga lambun. Bai je ba. Matarsa ce ta je, ta dawo ta ajiye jaka ta ce, "Tsamiyar ta ba su wuya."

"Ban tambaye ki ba."

"Na sani. Bango nake gaya wa."

Ya jira damina. A ransa ya ce ruwa zai rama masa. Damina ta zo ta wuce, ruwa ya bi magudana ya faɗa rafi lafiya lau. Yaron ya iya aiki. Motoci suka jeru cikin fararen layuka, masu sayar da katin waya suka kafa lema, mutanen da suka yi ta gunaguni suka riƙa ajiye motocinsu a wurin suna yabon faɗinsa.

Doka ta fita. Aka yi liyafa, aka buga hoton Shugaba da shugaban kwamiti suna musabaha.

Aiki ɗaya ya rage a hannun tsohon, filin wata makarantar kurame. Ya daɗe a kansa. Ya tsara shi da'ira da'ira, don yara su riƙa ganin hannuwan juna duk inda suka zauna. Wata safiya shugabar makarantar ta zo da zanen a naɗe, ta ƙi zama.

"Baba, ma'aikata ta dawo da shi. Sun ce babu hatimin mamba. Wallahi na yi magiya."

"Sun duba zanen?"

"Ko warware shi ba su yi ba. Ƙasan takardar kawai suka leƙa."

Ya karɓa. Wannan ita ce dokar da ya kashe takalma yana nema. Ta yi aiki daidai yadda ya so.

Matarsa ce ta kai wa Shugaba labari, bai aike ta ba. Washegari da hantsi Shugaba ya zo. Ya bar motarsa a nesa ya tako da ƙafa. Ya yi ƙiba, furfura ta fara masa a gefen kunne. Ya tarar da tsohon a baranda, zanen a shimfiɗe, an danne kusurwoyinsa da duwatsu. Ya durƙusa.

"Baffa, mun kwana lafiya?"

Tsohon ya ɗaga murya ga matarsa. "Shugaba da kansa. Ki kawo wa Shugaba kujera, kada gwiwarsa ta yi datti."

"Nan ma ya isa."

Idon Shugaba ya sauka kan zanen. Ya daɗe yana bin da'irorin da kallo, har ya miƙa yatsa, sai ya janye.

"Na yi magana da su," in ji shi. "Za a mayar da ku. Ku zo taro mai zuwa ku ce kun yi kuskure. Kalma uku. Ma'aji ma ya ce ba zai yi magana ba."

"Ma'aji ya yi mini alheri ke nan."

"Baffa, kun karya dokar. Ku kuka rubuta ta."

"Na karya. Kun kore ni daidai. Da ni ne a kujerar, da ban kira taro ba ma."

"To me ya rage?"

"Ka ce in ce na yi kuskure. Ban yi ba."

Matar ta leƙo daga ƙofa. "Malam, yaran nan kurame ba su yi maka komai ba. A rana suke wasa."

"Shiga ciki."

"Na shiga tun shekara nawa, me ya gyaru?"

Shugaba ya sa hannu a aljihu ya fito da hatiminsa da ɗan akwatin tawada. Ya ajiye su a gefen tabarma, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai.

"To a bar taron. Ba sai kun zo ba, ba sai kun ce komai ba. Ni zan buga nawa a nan. Ba zan canza ko layi ɗaya ba. Gobe ma'aikata ta sa hannu, jibi a fara dasa itace. Ba wanda zai sani sai mu uku."

Ba-Gyara ya dubi ƙasan takardar, inda ya bar fili fari don hatimi, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Filin nan shi ne na ƙarshe, ya sani. Idonsa ya fara gajiya, hannunsa yana rawa in ya daɗe da fensir. Ya ga yaran a zaune cikin inuwa suna magana da hannu. Ya ga kuma allon da za a kafa a bakin ƙofar makarantar, da sunan wanda ya tsara, sunan da ke kan allon wurin ajiye motoci.

Ya ɗauke duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Takardar ta naɗe kanta.

"Baffa, don Allah."

"Ɗauki abinka. Hatiminka ba zai hau takardata ba."