Saƙon da Bai Isa Tofa Ba

"Ya amsa?" Malam Iliyasu ya tambaye ni, wayarsa tana kan ƙirjinsa.

"Bai amsa ba," na ce. Ni ba na yi wa mara lafiya ƙarya. Na ajiye masa kwanon kunu a gefen tabarma, na kori kazar da ke neman sa baki a ciki.

Yana kwance a inuwar ɗakin tantabarunsa, don ya ƙi a shigar da shi ɗaka. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa a ƙauyenmu na bayan Minjibir. Abokin marigayi mijina ne, kuma tun da matarsa ta rasu ni ke miƙa masa abinci. Ya lalubi wayar, ya sa babban yatsa a kusurwar ƙasa ta dama, ya kai ta bakinsa.

"Salamu alaikum jama'ar zaure. Iliyasu ne na Minjibir. Alhaji Basiru na Tofa, don Allah don Annabi ka yafe mini. Ba maganinka ne ya kashe mini tsuntsaye ba, dawata ce ta yi fumfuna. A gaban mutane na ce maka maƙaryaci, to a gaban mutane nake janyewa."

Ya saki yatsan, ya kasa kunne. Shiru, sai kukan tantabaru.

Zauren nan da yake yi wa sallama ba na ƙasa da azara ba ne. Wani shafi ne a waya na masu kiwon tantabara. 'Yarsa Ramlat, wadda ke aure a Rijiyar Zaki, ita ta saya masa wayar ta sa shi a ciki. Malam bai yi boko ba, idonsa ma ya fara hazo, amma wannan bai hana shi komai ba, don da baki ake yin zancen. Ka danna kusurwar nan, ka faɗi naka, na wasu kuma su yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Da safe sai in ji gardawa sun cika masa gida. Wani daga Gaya yana kurin tantabararsa mai tukku ta ƙyanƙyashe, wani daga Maraɗi yana tambayar maganin kwarkwata, wani yana tsokanar wani wai tsuntsayensa sun fi kama da kurciya. Sau nawa na leƙa ta katanga na ce, "Malam, rage mana, nan ba kasuwa ba ce!" Sai ya yi dariya ya ce, "Hure, zo ki gaisa da baƙina."

A nan ya san Alhaji Basiru. Ba su taɓa ganin juna ba, ko lambar juna ba su da ita, amma kullum su ke buɗe hira su ke rufe ta. Da 'ya'yan tantabarun Malam suka kama mutuwa, Basiru ya gaya masa wani jiƙo. Ya ba su, suka ci gaba da mutuwa. Zuciya ta ɗebi Malam, ya danna ya zazzage wa mutumin a gaban kowa. Bayan kwana kaɗan ya zazzage buhun dawar da yake ba su, ya ga ƙasansa ya yi baƙi ƙirin.

To a tsakanin nan ne masu shafin suka sauya fasalinsa. Muryoyi suka ɗauke ɗif. Sai hotuna da rubuce-rubuce, wani na ture wani. Malam ya ɗauka jama'a ne suka juya masa baya saboda abin da ya yi. Tun daga damina har aka yi girbi yana dannawa yana roƙo, safe da yamma, har ni da nake bayan katanga na haddace.

Ran da zai rasu, bayan la'asar, ya ce, "Hure, in na tafi da haƙƙin mutumin nan fa?"

"Ka roƙa ka sake roƙa," na ce. "In bai yafe ba, shi ya sani da Ubangijinsa."

"A'a. Ni na sani." Ya juya fuska wajen tsuntsayen. Na je in kira liman da mazan unguwa, muka dawo muka tarar yana kalmar shahada a hankali. Bai kai magariba ba.

A zaman makoki ko mutum ɗaya daga zauren nan bai zo ba. Wannan ya ƙara tunzura ni. Na ɗauko wayar na miƙa wa Ramlat a cikin mata.

"Nemo mini Basirun nan na Tofa. Yau sai ya ji abin da bai taɓa ji ba. Mutum ya yi ta roƙonka wata da watanni, kai Fir'auna ne?"

"Inna, ta ina Baba yake aikawa?"

Na nuna mata. Na danna kusurwar kamar yadda yake yi, na ce salamu alaikum. Ta karɓa ta duba, ta sake dubawa.

"Inna, ai nan ba wurin aika saƙo ba ne yanzu. Sun mayar da shi wurin neman kaya. In ka yi magana, sai ya duba ko akwai mai sayar da abin da ka faɗa. Ga shi ya rubuta wai ba a samu ba."

"To maganarsa ina ta je?"

"Babu inda ta je."

Matan da ke wurin suka ɗau salati. Ni ban yi kuka ba. Alamar da ke kusurwar nan, iri ɗaya, wuri ɗaya, suka bar ta tana kallon tsoho, suka sauya mata aiki ba su gaya masa ba.

Bayan addu'ar bakwai na bi Ramlat birni. Mijinta ya gano mana mai shafin, wani yaro Abdulkabir, a wani ɗaki a saman shaguna, da fanka da kwamfutoci. Ya tashi ya ba ni kujera, na ce ba zama ya kawo ni ba. Na gaya masa komai.

"Allah ya jiƙansa, Mama. Wallahi ban ji daɗi ba. Amma kin ga, mutane ne suka ragu, matasa duk sun koma wasu wuraren. Shi ya sa muka yi afgired, muka mai da shi saye da sayarwa. Muryoyin nan suna cin wuri sosai."

"Da kuka yi af ɗin naku, mutanen sun dawo?"

Ya sosa ƙeya. "Gaskiya sun ƙara raguwa."

"To kun kori masu zuwa don ku tarbi waɗanda ba za su zo ba."

"Ai mun sa sanarwa, Mama."

"Da baki?"

"A rubuce."

"Mutanen da suka zo wurinka don ba sa rubutu, su ka rubuta wa? Kai wa ya haife ka? Ko mai shayi zai tashi daga bakin titi sai ya gaya wa masu zama a bencinsa."

Ramlat ta ja mini gefen mayafi, na fizge. Na ce ya fito mini da muryar Malam ya aika Tofa. Ya ce ba a ajiye ta ba, ko ɗaya. Na ce ya ba ni lambar Basiru. Ya duba ya ce Basiru bai taɓa sa lamba ba, kuma tun ranar da aka sauya shafin bai sake shiga ba. Na ce to ya mayar wa tsofaffi wurin maganarsu. Ya ce za su duba. Na ce ya duba da kyau, don na ga hanya, kuma ƙafata lafiya lau take. Har yau bai mayar ba, ni ma ban daina zuwa ba. Masu shagunan ƙasa sun san ni, da sun hango ni sai su ce, "Abdul, ga Mamarka!"

A ranar farkon nan dai, daga wurin yaron na hau mota zuwa Tofa ni kaɗai. A tasha na tambayi wani mai rake gidan Alhaji Basiru. Ya ce Basiru ai da yawa. Na ce mai tantabara. Ya ɗaga wuƙarsa ya nuna sama, can bayan masallaci, inda wasu fararen tantabaru ke kewaya gida ɗaya.

Na zaci zan ga ƙaton mutum mai girman kai. Sai ga wani ɗan tsamurmurin tsoho da sanda. Ya sa aka kawo mini ruwa, na ce a ajiye tukuna.

"Daga Minjibir nake. Malam Iliyasu ya rasu."

Ya dafa bango. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Iliyasu? Yaushe? Baiwar Allah, ni fa tun damina abin nan ya rufe mini ƙofa. Wai in sa lambar sirri, wanda ya sa mini ita kuma yana Legas, shi ma ya manta. Kullum ina cewa ko yaya tsuntsayensa suka ƙare."

"Ya bar maka saƙo, a bakina yake. Amma ba a soro zan faɗa ba. Ya ce a gaban mutane. Kira mutane."

Ya dube ni, bai yi musu ba. Ya leƙa waje ya kira 'yan majalisar ƙofar gidansa, da wani tela, da mai sayar da icce. Suka tsaya cirko-cirko. Ni da ban taɓa magana a gaban maza haka ba, na gyara tsayuwa na faɗa musu yadda Malam yake faɗa, ban rage ko kalma ba.

"Salamu alaikum jama'ar zaure. Iliyasu ne na Minjibir. Alhaji Basiru na Tofa, don Allah don Annabi ka yafe mini."

Da na kai ƙarshe, gemun Alhaji Basiru ya jiƙe. Ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Alhaji," na ce. "Ya daɗe yana jira."

"Na yafe masa! Duniya da lahira na yafe masa. Ku shaida. Ni ma Allah ya sa ya yafe mini."

Suka ce sun shaida, tela ya ja fatiha, muka shafa. Aka watse. Sai a lokacin na zauna a dakalin ƙofar, na ɗauki ruwan na sha.

Alhaji Basiru ya tambaye ni ta ina Minjibir take daga nan. Na nuna masa da haɓa, ta bayan gonakin da aka gama girbewa. Ya dogara sandarsa ya tsaya yana kallon wajen, karan dawa a tsaitsaye har iyakar gani.